Awon Jini a Kujerar Likitan Haƙori, Ko Duba Baki a Asibitin Gunduma?

Magidanci a ƙasar nan yana iya shekara goma bai taka asibiti don kansa ba. Zai kai maiɗakinsa awon ciki ya tsaya waje a gindin bedi, zai ɗauki yaro a babur idan zazzaɓi ya yi tsanani, amma shi kansa, ciwon kai da jiri da yawan fitsarin dare duk gajiya ce, ko kuma rana ce ta doke shi a gona. Ciwo ɗaya ne ke karya wannan taurin kai, shi ne ciwon haƙori. Wanda haƙori ya hana wa barci ba ya jiran a lallashe shi. Da an sallame Asuba zai dafe kunci ya fita neman mai taimako.

Likitoci a Amurka da Turai sun lura da irin wannan hali a mutanensu, suka gina dabara a kansa. Tunda mutum ya riga ya kawo kansa ya zauna a kujerar likitan haƙori, to kafin a taɓa bakinsa a ɗaura masa na'ura a dantse a auna hawan jini, a ɗan huda yatsa a ga yawan suga, a tambaye shi ko yana shan taba. In an ga abin da bai yi daidai ba, a ba shi takarda zuwa wurin likitan jiki. Akwai kuma wata dabarar da ta biyo ta ɗaya ɓangaren, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi kwaɗaitar da ƙasashe irin namu a kanta: a kai duba baki ƙaramin asibitin gunduma, ta yadda malamin asibitin da ke ba da maganin zazzaɓi da allurar rigakafi zai riƙa cewa "buɗe bakinka in gani". Duka biyun so suke su haɗa lafiyar baki da ta sauran jiki, bayan tsarin asibiti ya daɗe da ware baki gefe, da makarantarsa da likitansa da katinsa daban. Sai dai mutanen da kowace ke kamawa daban ne, kuma abin da ya yi aiki a Landan ba lalle ne ya yi a ƙauyukanmu ba. Shi ya sa nake son in auna su da halin ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, Batsari da Safana.

Dabara ta farko tana da hujja mai ƙarfi a inda ta samo asali. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya nuna cewa a shekarar 2008 kusan mutum miliyan 20 sun je wurin likitan haƙori, amma duk tsawon shekarar ba su ga likitan jiki ba. Ga waɗannan miliyoyi, kujerar haƙori ce kaɗai inda wani mai farar riga ya dube su. A Ingila ma, hukumar lafiyarsu ta NHS ta faɗaɗa gwajin auna hawan jini a wuraren likitocin haƙori da na ido a 2024.

Ilimin likitanci kansa yana goyon bayan abin. Mai ciwon suga da bai san yana da shi ba, sau da yawa bakinsa ne ke fara tona asiri: dasashi ya kumbura, yana jini da an goga asuwaki, haƙora su fara girgiɗa tun mutum bai tsufa ba, baki ya riƙa bushewa, ƙurji ya fito ya ƙi warkewa. Tun 1993 wani masanin haƙori ɗan asalin Norway, Harald Löe, ya sanya ciwon dasashi a matsayin ta shida cikin illolin ciwon suga, bayan na ido da ƙoda da jijiyoyi da sauransu. Kowanne kuma yana ƙara wa ɗan uwansa ƙarfi, domin dasashin da ya daɗe da ruɓa yana wahalar da saukar suga, in aka yi masa magani kuma sugan yakan ɗan sauka. Hawan jini kuwa ya shafi aikin likitan kai tsaye. Allurar kashe zafin da ake yi kafin cire haƙori galibi tana ɗauke da adirenalin, ga tsoro, ga raɗaɗi, duk suna ɗaga jini. Shi ya sa ƙa'idar da aka saba bi ita ce, in awo ya kai 180 bisa 110, a ɗage duk aikin da ba na gaggawa ba har jinin ya sauka. Wanda ya cire wa dattijo haƙori bai auna shi ba ya yi ganganci da ran mutum, ko da Allah ya sa an tashi lafiya.

Buƙatar kuma tana nan, har ta fi ta can. Wani nazari da aka buga a 2021, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan Najeriya, ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin uku na baligan ƙasar nan suna da hawan jini, mutum sama da miliyan 27, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Sauran suna yawo da abinsu har ranar da za a ji cewa wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, a shiga neman wanda ya jefe shi. Awon kuwa ba wani aiki ba ne. Mutum ya zauna ya jingina bayansa minti biyar, ƙafafu a ƙasa, ba magana. A ɗora hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, a zagaya maɗaurin a dantse a kan fata, ba a kan hannun riga ba, a danna. A dakata kaɗan a sake. Na'urar da batir take aiki, ba ruwanta da wutar Nepa. Abin lura shi ne, wanda ya kwana yana juyi da ciwon haƙori jininsa zai iya hawa ko da lafiyarsa ƙalau, don haka awo ɗaya a wannan hali ba ya yanke hukunci. In an ga 140 bisa 90 ko sama, sai a ce masa, "Baba, in ciwon ya lafa ka je asibitinku a sake aunawa."

To, duk wannan ya yi kyau a takarda. Matsalar ita ce an tsara dabarar ne domin mutumin da ke zuwa wurin likitan haƙori lafiyarsa lau, duk wata shida ko shekara, a duba a wanke masa haƙora, inshora ta biya. Wannan mutumin babu shi a Ruma ta Batsari, babu shi a Runka ta Safana, da wuya ma ka same shi a birnin Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum sama da 200,000, Safana sama da 180,000, kuma kowa ya san an ƙaru ƙwarai daga lokacin zuwa yau. Likitocin haƙori a Najeriya ba su da yawa, 'yan kaɗan ɗin kuma sun taru a Legas da Ibadan da Abuja da sauran manyan birane, wasu sun bi 'yan uwansu ƙasashen waje. Ko da mun ɗauka kowace daga cikin ƙananan hukumomin biyu tana da kujerar haƙori mai aiki a hedikwatarta, da ma'aikaci da kaya da wuta, lissafin bai wuce kujera ɗaya ga mutum dubu ɗari biyu ba. Aikin da ya yi nauyi kuwa sai an kama hanyar Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya.

Hanyar ma ba a binta da ka. Batsari da Safana duk suna jingine da dajin Rugu, kuma sun sha wuyar 'yan bindiga shekara da shekaru. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe wasu hanyoyi, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Ƙauyuka sun watse, jama'a sun kwararo cikin gari, ma'aikatan ƙananan asibitocin bakin daji da yawa sun janye. Sulhun da al'ummomin yankin suka ƙulla da 'yan bindigar a 2025 ya kawo ɗan sauƙi a wasu wurare. Amma wanda ya daɗe bai noma gonarsa ta nesa ba, ko ya sayar da shanunsa ya biya fansa, ba zai biya kuɗin mota zuwa Katsina saboda haƙori ba, sai in ya ga abin zai kai shi lahira.

Ina yake zuwa ke nan? Kemis. Can za a ba shi diklofenak ko ibufurofen, a haɗa masa da kafso uku ko huɗu gwargwadon kuɗinsa. In bai lafa ba ya tura kanumfari a kogon, wannan ma da sauƙi, don akwai masu ɗiga ruwan batir. In ya gagara, sai wanzami ko mai cire haƙori ranar kasuwa. A nan akwai abin takaicin da ba a cika faɗa ba: waɗannan ƙwayoyin kashe zafi, in aka daɗe ana shansu, suna ɗaga hawan jini, suna lahanta ƙoda, suna tayar da gyambon ciki. Haƙorin da ya kamata ya zama sanadin gano hawan jinin mutum, shi ke sa ya yi wata da watanni yana haɗiyar abin da ke ƙara masa shi. Wanda ya isa gaban likitan haƙori daga ƙarshe, yawanci da kumburarriyar fuska yake isowa, wani ma kumburin ya sauka ƙasan haɓa yana neman toshe masa numfashi. A irin wannan yanayi maganar gano ciwo da wuri ta riga ta wuce.

Mu leƙa ɗaya ɓangaren. Ƙaramin asibitin gunduma, duk da halin da yake ciki, yana da abin da kujerar haƙori ba ta da shi, wato jama'a. Ranar awo mata ne cike da benci, ranar rigakafi jarirai, inda ake raba abincin tamowa kuwa layi har waje. Da damina ma'aikata na bin gida-gida duk wata suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, aikin da Katsina na cikin wuraren farko da aka gwada shi a Najeriya a 2013. Jihar tana da gundumomi 361. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, kuma burin shi ne kowace gunduma ta samu asibiti ɗaya mai aiki, alkawarin da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa shi ma ya ɗauka. Ma'aikatan a gida ake horar da su, a makarantun Kankiya da Daura, kuma ɗan gari ya fi baƙo jure zama idan abubuwa suka ɓaci. Na'urar awon jini tana nan tun da can saboda masu juna biyu. Abin da ya rage shi ne ido ya saba da kallon cikin baki.

A wannan yanki kallon bakin ya wuce maganar kogon haƙori, saboda zaizayar baki, cutar da likitoci ke kira noma. Yara 'yan shekara biyu zuwa shida ta fi kamawa, waɗanda yunwa ta riga ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Tana farawa ne da ɗan ciwon dasashi wanda ba mai kula da shi. Cikin 'yan kwanaki kunci ya kumbura, fatar ta yi baƙi, naman ya mutu ya zube, kafin mako biyu an samu rami a fuska har ana hango haƙora. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa duk shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa in ba su samu magani ba. Wanda ya tsira ya tsira da tabo, wani muƙamuƙinsa ya ƙage ba ya iya buɗe baki ya ci tuwo, iyaye su ɓoye shi a ɗaki. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na wannan cuta tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na taimaka masa tun 2014. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa cutar cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, aka kuma sa ta a Disambar 2023. Ita dai MSF ɗin ta ce yara 652 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata shidan farko na 2025. Inda tamowa ta kai haka, ga ƙauyukan da masu rigakafin ƙyanda suka daɗe ba su iya shiga ba, duk abin da zaizayar baki ke nema ya haɗu.

Ga yadda aikin yake. Uwa tana riƙe da yaro a cinya, an gama zagaya masa ɗan tef ɗin awon dantse. Malamar asibiti ta wanke hannu ta ce, "Baiwar Allah, kwantar min da kansa nan." Ta sa babban yatsa ta ɗaga leɓen sama, ta ja na ƙasa, ta haska da fitilar waya. Lafiyayyen dasashi a manne yake da haƙori, ba ya jini. In ta ga ya yi jawur, gefensa ya ɗan zaizaye da wani fari-fari a kai, yana jini da an taɓa, ga wari mai ƙarfi, ga yawu na dalala, yaron kuma ya ƙi abinci, to ta kama cutar a lokacin da amoksilin da filajil da wanke baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki za su iya tsayar da ita. Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Babu likitan haƙorin da zai taɓa ganin wannan yaro a wannan mataki, domin ba mai kai ɗan shekara uku Katsina saboda warin baki.

Ko kogon haƙorin ma, ba duka ne ke buƙatar kujera mai hawa da sauka da injin haƙa ba. A tsakiyar shekarun 1980, a Tanzaniya, wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken ya fito da hanyar cike kogo da kayan hannu kawai: a kankare ruɓaɓɓen wurin da ɗan cokalin ƙarfe, a cike da wani irin siminti mai manne wa haƙori yana sakin fuloraid a hankali. Ba wuta, ba inji, sau da yawa ba allura. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid, da wani ruwan magani mai azurfa da ake shafawa a kogo ya tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Ruwan yana mayar da wurin baƙi, abin da iyaye ba sa so a haƙoran gaba, amma a na can ciki, waɗanda ma yaron zai famfare, wa ya damu?

Wannan hanya ma tana da nata rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Duk shirin da aka ƙirƙiro a Abuja ko Janeba, a kan malamin asibitin gunduma yake sauka. Shi ne na rigakafi, shi ne na zazzaɓi, na tarin fuka, na tazarar haihuwa, shi ne mai cike tulin rajistoci ƙarshen wata, wani wurin ma daga shi sai mai gadi da 'yan sa-kai. In aka ƙara masa duba baki ba horo, ba kaya, ba mai bibiya, layi ɗaya zai ƙara a rajista ya riƙa sa alama. Karatun da ya yi a kan baki kaɗan ne. Akwai kuma haɗarin mai rabin sani, wanda da ya ga an ba shi dama zai fara cire haƙora ya karya saiwa a cikin ƙashi. Dole iyakar ta fito fili: ya duba, ya ba da maganin farko, ya tura. Cikewa da cirewa aikin masu horon haƙori ne, kuma ana iya tsara musu zagaye, yau Zakka, gobe Runka, wani makon Ruma, maimakon su zauna a hedikwata suna jiran wanda ya iya zuwa.

Babban raunin kuwa shi ne maza. Bencin nan na mata da yara ne. Namiji mai shekara hamsin, wanda hawan jini ke ci a ɓoye, ba ya layin awo, ba ya layin rigakafi. A nan masu dabara ta farko suka yi gaskiya, ciwon haƙori dama ce da ba a samun irinta a kan wannan mutum. Inda lissafinsu ya kauce a wurinmu shi ne zaton cewa a gaban likita damar ke faɗowa, alhali a gaban kantar mai kemis take faɗowa, ko a kan tabarmar wanzami.

Shi ya sa wani gwaji da aka yi a birnin Los Anjalis ya fi kama da halinmu fiye da duk binciken kujerar haƙori. Baƙaƙen fata maza a Amurka su ma ba su cika zuwa asibiti ba, hawan jini kuma yana yi musu ɓarna. Sai Dokta Ronald Victor da abokan aikinsa suka bi su shagunan aski 52. A kusan rabin shagunan, mai aski yana haɗa abokin cinikinsa da masanin magunguna wanda ke zuwa shagon, ya auna shi, ya tsara masa magani a nan. A sauran, shawara kawai mai askin ke ba shi ya je ya ga likita. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan wata shida lambar sama ta awon jini ta sauka da maki 27 a rukunin farko, a na biyu kuwa da maki 9. Namiji dai yana yarda a auna shi a inda ya saba zama, amma "je ka ga likita" ba ta cika ɗaga shi daga wurin ba. Abin da ya yi aiki shi ne maganin ya same shi inda yake.

A Batsari da Safana, mai kemis mai rajista shi ya fi kusa da wannan matsayi. In aka ba shi na'ura, aka koya masa awo, aka ce duk wanda ya haura arba'in ya zo neman maganin haƙori a auna shi kafin a miƙa masa diklofenak, za a kama mutanen da kujera da benci duk suka rasa. Na san abin da likitoci za su ce, kuma suna da gaskiya: mai kemis da ya ga 170 ba zai tura mutum ko'ina ba, juyawa zai yi ya ɗauko magani daga kanta ya sayar masa. Amma ai yau ma yana sayarwa, ba awo ba komai. A ganina gara mai kemis mai na'ura da ɗan horo da wanda ke sa masa ido, da wanda ba shi da ko ɗaya. Wanzamai kuwa suna da sarkinsu, ba su da wuyar tarawa in hakimi ya kira. Ko ba a ba su na'ura ba, a nuna musu hoton farkon zaizayar baki, tunda su ake kai wa yara cire hakin wuya, sun fi kowa leƙa cikin bakin yaro.

Duka hanyoyin kuma a wuri ɗaya suke tuntuɓe, wato abin da ke biyo bayan awo. A ƙarshen Oktoban 2024 kwamishinonin lafiya na jihohi suka yi gangamin auna mutum miliyan 10 hawan jini da suga a faɗin ƙasa. Abu ne mai kyau, amma wanda aka gaya wa lambarsa a filin kasuwa, in babu maganin da zai iya saya duk wata da wanda zai sake auna shi, damuwa kawai aka ƙara masa. Maganin hawan jini ba a gama shansa, mutanenmu kuma da sun ji kai ya yi sauƙi sai su ajiye. Kano da Ogun sun fara gwada abin da ya dace tun 2020, inda aka sauƙaƙa ƙa'idar magani ta yadda malamin asibitin gunduma zai iya fara mutum da amlodifin ya riƙa bibiyarsa kusa da gida. Shi amlodifin ɗin ma yakan sa dasashin wasu ya kumbura, ƙarin dalili ke nan mai ba da shi ya riƙa leƙa baki. In ba a kawo irin wannan tsari Batsari da Safana ba, aka kuma tabbatar maganin na isa ga marasa ƙarfi ta hannun hukumar inshorar lafiya ta jiha, KATCHMA, duk awon da aka yi, a kujera ne ko a benci, an yi tuya an manta da albasa.

Awon jini a kujerar likitan haƙori, a ganina, ba abin da za a kira wa taro da kasafi ba ne a Katsina. Takardar umarni ɗaya daga Ma'aikatar Lafiya ta isa: kada a yi wa babba allurar cire haƙori a kowane asibiti sai an auna jininsa an rubuta a kati, in dasashinsa ya nuna alama kuma a duba suga. Kuɗinsa bai wuce na'ura ɗaya da batir da 'yan tsinken gwaji ba, kuma hakkin mara lafiya ne. Sai dai mutanen da zai taɓa a Batsari da Safana 'yan kaɗan ne. Kuɗi da horo da lokacin masu sa ido, in za a kashe, a kashe su a ɗaya ɓangaren: ɗaga leɓe ya shiga cikin awon tamowa da rigakafi da rabon maganin damina, masu horon haƙori su fita zagaye, masu kemis su samu na'ura, magani ya kasance a gunduma. Hukumar kula da lafiya matakin farko ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su ne masu wuƙa da nama a nan, hakiman yankin, Sarkin Ruma da Yariman Katsina, kuma su ke iya tara wanzamai da masu unguwanni.

Kafin su motsa, akwai abin da ke hannun mai karatu. Malam, in za a cire maka haƙori, ko ka wuce mako kana sayen maganinsa a kemis, ka nemi a auna jininka ko da biya za ka yi. Uwargida, yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, ki riƙa ɗaga leɓensa kina dubawa kowace safiya. In kika ga dasashi na jini, baki na wari, ko kunci ya fara kumbura, kada ki tsaya shafe-shafe, kada ki jira ranar kasuwa. Ki kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ki ce musu su duba ko zaizayar baki ce.